Sata a Gidan Masu Tafiya a Duƙe

Sufeto yana tsaka da karyawa aka ce wata mata tana son ganinsa, kuma ta ƙi gaya wa ɗan sandan bakin ƙofa abin da ya kawo ta. Ya ture kofin shayinsa gefe, ya kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga kan tumbinsa, ya ce ta shigo.

Matashiya ce cikin fararen kayan asibiti, idanunta sun yi ja. Ta ce ita nas ce a wani gidan jinya, ƙarar sata ta kawo.

"Wa kike zargi?"

"Ni ake zargi, Yallaɓai."

"Ke ake zargi, kuma ke kika kawo ƙara?"

"To wa zai kawo? Mai kayan ta ce ba ta son 'yan sanda. Manaja ma haka."

Ya nuna mata kujera, ta zauna ta yi bayani. Gidan nasu ba asibiti ba ne. Mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi, wato a yanke teɓa da fatar da ta saki a ɗinke ciki ya shafe, su ne suke zuwa daga asibitoci daban-daban su kama ɗaki, su yi jinya har su miƙe. Yau da safe aka nemi sarƙar gwal ta wata majinyaciya aka rasa. Manaja ya ce Nas ta haɗa kayanta kafin yamma ta tafi salin alin, a rufe magana.

Rufe maganar nan shi ne abin da ya fi ba ta tsoro. Nas ɗin da aka sallama a kan sata ba ta ƙara samun aiki, domin duk asibitin da ta nufa labarin ya riga ta isa. Da a rufe ta da rai, in ji ta, gara a tone komai.

Sufeto ya ji yarinyar ta burge shi, amma bai nuna ba. Ya ɗauki hularsa ya kira Saja, wata siririyar mata da suka daɗe suna aiki tare, wadda bakinta ba ya hutu. Da ta ji inda za su, sai ta dubi cikin maigidanta ta ce yau dai aiki ya kai su inda ya dace. Ya ce ta tuƙa mota ta bar shi da abin da Allah ya ba shi.

Gidan shiru, tsaf, yana ƙamshin maganin goge ƙasa. Abin da suka fara gani a baranda shi ne wani ƙaton mutum yana tafiya a duƙe kamar mai neman allura, ya rungume filo a ciki. Ya gaishe su ba tare da ya iya ɗago kai sosai ba, don haka takalmansu ya gaisar.

Manaja ya tarbe su da murmushin da bai wuce haƙora ba. Ya ce magana ce ta cikin gida, bai ga abin tayar da hukuma ba. Masu zuwa nan sirri suke saye, kusan kowa ya gaya wa danginsa tafiya ya yi. Da Sufeto ya matsa, ya ce majinyata uku ne yanzu a gidan: Mai Ɗinki, wadda aka yi wa satar, da Mai Gareji, da Mai Turare. Kuku tana tafiya da zarar an ci abincin rana, maigadi ba ya shiga ciki, shi kuma Manaja jiya bai leƙo gidan ba sam. Saja ta fita ta tambayi maigadi, ya ce haka ne.

"Ka ga kuwa saura mutum ɗaya," in ji Manaja, yana kallon Nas.

"Ni ban iya lissafi da sauri haka ba," in ji Sufeto. "Nuna min ɗakin."

Mai Ɗinki tana kishingiɗe, filo a bayanta, filo a ƙarƙashin gwiwoyinta. An ɗaure cikinta da faffaɗar ɗamara, wani siririn tiyo ya fito daga ƙarƙashi zuwa cikin 'yar kwalbar roba da ke tara ruwan ciwo. Mace ce mai fara'a, amma ganin kaki ya sa ta ja mayafi har hanci.

Ta roƙi Sufeto kada sunanta ya fita. Haihuwa biyar ta yi, ta ƙarshe tagwaye, cikin ya saki ya ƙi komawa. Kullum tana gwada ƙugun matan mutane da tef, ta koma gida ta kasa kallon nata. Baban yara bai san tana nan ba, ta ce masa ta je jinyar yayarta.

"Sarƙar fa?"

"Ta mahaifiyata ce, Yallaɓai. Ita kaɗai ta bar min."

"Ina kike ajiye ta?"

Ta nuna saman kabad ɗin kaya da baki. Wani ɗan akwati yana can. Jiya da safe ta sa Nas ta sauko da shi don ta ga sarƙar ta ji sanyi, Nas ta mayar. Bayan abincin rana ita Mai Ɗinki ta fita baranda yin 'yar tafiyar da likita ya ce a riƙa yi, ta daɗe a can. Yau da safe aka sauko da akwatin, wayam.

Sufeto ya je gaban kabad ɗin. Shi da yake namiji mai tsayi, sai da ya yi ɗage ya miƙe hannu iya miƙewa kafin ya taɓo akwatin, rigarsa ta fita daga wando.

"A cikinku masu jinya, wa zai iya haka?"

"Babu. Ɗinkin nan ja yake yi. In na ce zan miƙe tsaye sosai, ji nake kamar zan yage. Tari ma sai da shiri."

Saja ta ce ashe gidan ya dace da surukai, kowa a duƙe yake gaisuwa. Dariya ta kama Mai Ɗinki, nan take ta wawuri filo ta danna a ciki, fuskarta ta yamutse, tana roƙon Saja ta yi wa Allah ta yi shiru. Sai da ta huce ta ce dariya ce babbar abokiyar gabarsu a gidan nan.

Sufeto ya tambaye ta ko ita ma Nas take zargi. Ta sunkuyar da kai, ta ce yarinyar kirki ce, amma Manaja ya ce a bar maganar haka, kuma ita ba ta son tonon asiri. Nas tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta juya ta fita.

Biri dai ya yi kama da mutum. Duk gidan, mai iya kaiwa saman kabad mutum ɗaya ce, kuma ita ce ta san abin da ke cikin akwatin.

Mai Gareji shi ne ƙaton da suka gani a baranda. Abokansa sun ishe shi da tsiya, wai in ya shiga ƙarƙashin mota sai an ƙara jak. Ya ce musu ya tafi sayo kayan gyara, ya zo ya ba da cikinsa aka rage.

"Ina kake jiya bayan abincin rana?"

"Barci, ranka ya daɗe. Ban motsa ba."

"Ba ka shiga kicin ba?"

"Me zai kai ni? Abinci sai wanda aka auna mana."

Sufeto ya sunkuya ya dubi ɗamarar mutumin da kyau. A harkar ɓurɓushi ba a yi masa ƙarya, don shi ma tsohon ma'aikaci ne a fannin. Ya sa yatsa ya lakato wani abu daga ninkin ɗamarar, ya shinshina.

"Biskit. Mai madara kuwa."

Mai Gareji ya dubi ƙofa, ya rage murya, ya ce don Allah kada Nas ta ji. Akwai gwangwanin biskit na baƙi, kuma da gangan take ɗora shi can saman firij don ta san ba mai iya kaiwa. Jiya da ta fita kemis sayo masa magani, ta tagar kicin ya ga fitarta. Ya ɗauki ludayi ya yi ta ƙoƙarin zunguro gwangwanin, ciwo ya ce masa bai isa ba, ya haƙura ya koma ɗaki. Zuciya ta ƙi kwanciya, can ya sake lallaɓowa. Sai ga gwangwani a kan tebur, a buɗe. Shi kuwa bai tsaya tambayar wanda ya yi masa wannan alheri ba.

"Nas ta dawo a lokacin?"

"Ina, da ta dawo ai da ban kai labari ba. Sai da na ci na ƙoshi na ji ƙarar get."

Maigadi ya tabbatar cewa Nas ta jima a waje. Sufeto ya tsaya a kicin yana kallon saman firij. Tsayin firij ɗin ɗaya da na kabad ɗin. Ke nan jiya da rana, lokacin da Nas ba ta nan, akwai mai miƙewa tsaye a gidan masu duƙawa.

Tun daga baranda ake jin nishin Mai Turare. Ɗakinta yana ƙamshi kamar shago, ita kuma tana kwance ta yi lamo, ɗamara a ciki, kwalbar roba a gefe da jan ruwa a cikinta. Ta ce su yi haƙuri ba za ta iya tashi ba, nata aikin ya fi na kowa girma.

"A wane asibiti aka yi miki?"

"Can nesa ne, Yallaɓai, ba lallai ka san shi ba."

"Nas ce take wanke miki ciwon?"

"A'a. Likitana ya ce kada kowa ya buɗe sai shi. Kwalbar ma ni nake zubarwa da kaina, ina jin kunya."

"Jiya da rana kin ga wani abu?"

Ta yi kamar mai jin nauyin magana. Sannan ta ce ba ta son shiga haƙƙin kowa, amma ta ga Nas ta shiga ɗakin Mai Ɗinki lokacin da matar take baranda, ta fito tana gyara aljihu. Ta ƙara da nishi mai tsawo, ta ce in sun gama su zaɓi turare ɗaya ɗaya, kyauta.

Sufeto ya yi godiya, amma idonsa yana kan zanin gado. Wasu ƙananan tururuwa sun yi layi daga ƙafar gadon, sun hau, sun bi gefen katifa, sun taru a bakin kwalbar robar. Da ta ga inda yake kallo, sai ta ja bargo ta rufe, ta ce shayi ne ya zube mata da safe.

A baranda Saja ta ce ita ma ta gani, kuma ta duba kwalaben sauran biyun, ko tururuwa ɗaya babu. A bar ta ta shiga ta kwance ɗamarar kawai.

"In kuma da gaske an yanka ta fa?" in ji Sufeto. "Mu kwance wa majinyaciya ciwo, gobe a tambaye mu hujja mu ce tururuwa? Sai dai ita ta nuna mana da kanta."

Ya sa aka tara kowa a falo. Majinyatan uku suka shigo a jere, a duƙe, kowa da filonsa, aka zaunar da su a hankali. Manaja ya zauna da kofin shayi yana duba agogo. Nas ta tsaya jikin bango, jakar kayanta a gefen ƙafarta, don ta riga ta haɗa.

Kowa ya zaci za a kama mutum. Sai Sufeto ya yi gyaran murya ya ce binciken ya cije, sai wani lokaci. Amma tunda Allah ya kawo shi, yana da wata tambaya ta kansa. Ya shafa tumbinsa, ya tambayi Manaja ko irin wannan ma ana iya yi masa wani abu.

Fuskar Manaja ta washe, wannan karon har ido. Ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, ya san likitoci, sai dai a fara sanin awo. Mai Ɗinki ba ta rabuwa da tef, yana cikin jakarta. Sufeto ya matso gabanta, ya ja numfashi ya shanye cikinsa, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa wanda rabonsa da shiga rami tun kafin a ƙara masa girma. Fuskarsa ta kumbura, idanunsa suka firfito.

Mai Ɗinki ta zagaya tef, ta duba, ta girgiza kai.

"Yallaɓai, ni tela ce. Saki numfashin."

Ya saki. Maɓallin ya tashi kamar an harba shi, ya daki goshin Manaja, ya faɗa cikin kofin shayi, tsulum.

Falon ya kece da dariya. Mai Ɗinki ta danna filo a ciki tana hawaye tana cewa a taimake ta. Mai Gareji ya dunƙule wuri ɗaya, rabi dariya rabi kuka, yana rantsuwa ɗinkinsa ya tafi. Ita kuwa Mai Turare ta jefa kai baya, ta miƙe gadon bayanta ɗoɗar a jikin kujera, tana ƙyaƙyatawa tana dukan cinya. Filonta yana ƙasa, ba ta ma san ya faɗi ba.

Dariyar sauran ta mutu, tata ta rage ita kaɗai. Da ta farga kowa ita yake kallo, sai ta yi wuf ta duƙe ta soma nishi.

"Kin makara, baiwar Allah," in ji Sufeto. "Ki huta haka, bayanki ya gaji."

Ta ce sharri ne, maganin ciwo ne ya yi mata ƙarfi. Sufeto ya ce to madalla, Saja da Nas za su raka ta ɗaki a duba ko dariyar ta taɓa ɗinkin, tunda lafiyarta ce a gaba.

Ba su daɗe ba suka fito. Saja tana riƙe da ɗamarar a hannu ɗaya, sarƙar gwal tana lilo a ɗayan. An manne tiyon a fata da filasta ne kawai, jan ruwan kwalbar kuma lemon kwali ne.

"Ko ƙwarzane babu, Yallaɓai," in ji Saja. "An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Yau ga na ƙarya, shi ma ba ta huda ba."

Mai Turare ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Ta ce jiya da safe tana wucewa ta ga ana sauko da akwatin, ƙofa a buɗe. Da Nas ta fita, mai ɗakin kuma tana baranda, ta shiga ta ɗauka. Biskit kuwa yunwa ce, abincin gidan nan ba gishiri ba mai, mai lafiya ba zai rayu a kansa ba.

"Wannan ne gida na farko?"

"Haba dai. Irin gidajen nan sun fi kasuwa. Mutane su zo da gwal da agogo, ga su a duƙe, ga su a ɓoye. Wa zai je gaban alƙali ya ce an yi masa sata a inda ya je yanke tumbi? Nas ake sallama, ni kuma in ƙarasa jinyata in tafi."

Nas ta ɗago kai.

"Su nawa aka sallama?"

"Ban ƙirga ba, 'yar uwa."

Manaja ya ajiye kofinsa ya rasa inda zai sa ido. Mai Turare ta dubi Mai Ɗinki ta yi murmushi, ta ce yanzu ma ta san inda maganar za ta ƙare. Mai kaya ta samu kayanta, ba za ta je kotu mijinta ya ji ba. A rufa wa juna asiri kowa ya kama gabansa.

Sufeto ya san akwai ƙamshin gaskiya a maganar. In mai kaya ta janye, shari'ar ba ta da ƙafa, kuma gobe a wani gidan wata nas ce za ta haɗa jaka.

Mai Ɗinki ta karɓi sarƙar daga hannun Saja, ta daɗe tana juya ta. Kunya ta kama ta, ba ta tumbi ba wannan karon. Ta ce a miƙo mata wayarta.

A gaban kowa ta kira Baban yara. Ta gaya masa ba ta gidan Yaya, ta gaya masa inda take da abin da aka yi mata. Muryarsa ta fito daga can ɓangaren har na kusa suna ji. Ashe tuni ya haɗu da Yaya a kasuwa garau da ita, tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba, ya zaci wata muguwar cuta ce matarsa take ɓoye masa.

"Tumbi? Duk wannan tashin hankalin a kan tumbi? Wanda ya ɗauko min 'ya'ya shida? Ki zauna nan, ga ni nan zuwa."

Ta kashe wayar tana dariya tana kuka, filo a ciki. Ta ce wa Sufeto ya rubuta sunanta cikakke, za ta je kotun ko a duƙe ne. Mai Gareji ya ce shi ma a sa shi a shaidu, amma in da hali a tsallake zancen biskit.

Murmushin Mai Turare ya ɗauke. Saja ta sa mata ankwa, Sufeto ya ce a ofis za ta lissafo gidajen da ta yi jinyar ƙarya ɗaya bayan ɗaya, kuma shi da ƙafarsa zai je kowanne ya wanke wadda aka kora. Manaja ya bi su har mota yana ba da haƙuri, Sufeto ya ce ba shi ne mai karɓar haƙurin ba, Nas ce, tana ciki. Aka sa Mai Turare a baya, Saja ta tayar da mota suka fita.

A falo, Nas ta ɗauki jakarta za ta mayar ɗaki. Mai Ɗinki ta riƙo hannunta.

"'Yar nan, na san ba ke ba ce. Tun da safe na sani, na yi shiru. Ki yafe min."

Tun safe yarinyar take riƙe da kukanta, a gaban Manaja, a gaban 'yan sanda, ba ta bari ya fito ba. Yanzu ya ƙwace mata. Ta ajiye jakar, ta share ido da bayan hannu, ta sa kafaɗa ta tallafi matar ta tashe ta a hankali.

"Taso, Anti. Lokacin wankin ciwo ya wuce, kada Baban yara ya zo ya tarar ban yi aikina ba."